Ɗingishin agogo: me ake gyarawa idan an sauya wa na'urar CD kiristala?

A Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo da ke kudancin Jidda, idan ka bi layin masu tsofaffin kayan lantarki da yamma, za ka tarar da na'urorin CD an jibge su kamar tubali, wasu ba rimot, wasu bakin da ake saka faifai ya maƙale. Wayar hannu ta kashe musu kasuwa. A nan na tsinci wata Philips ta ƙarshen shekarun 1980, mai nauyi kamar dutsen niƙa, na rungume ta sai shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwar Sabil. Bahaushe ne haifaffen nan, kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa ta Sudan bai koma ba. Na ce masa so nake in cire mata agogo, wato abin da ke tsara mata lokacin fitar da sauti, in haɗa wani da hannuna. Ya kwance murfin, ya sa bakin sukudireba ya nuna wani ɗan gwangwanin ƙarfe da bai kai ƙwallon dabino ba.

"Wannan kiristalar kake nufi? Ɗana, lafiyarta lau. Da ta mutu, ko faifan ba zai juya daidai ba. Me za ka gyara a abin da bai lalace ba?"

Gaskiya Baba ya faɗa, kuma duk mai son ya taɓa wannan aiki ya kamata ya iya amsa masa kafin ya jona ƙarfen dalma a wuta. Amsar tana da ɗan tsawo, domin agogo iri biyu yake yin kuskure, kuma wanda yawancin mutane ke ɓata dare suna saitawa ba shi ne mai cutar da sauti ba.

Abin da ke kan faifan CD lambobi ne zalla. Kamfanonin Philips da Sony suka tsara ƙa'idar a 1980, na'urar farko ta shiga kasuwa a Japan a watan Oktoba na 1982. Bisa wannan ƙa'ida, ana auna ƙarfin sauti sau 44,100 a kowane sakan, ɓangaren dama daban na hagu daban, kuma kowane awo ana rubuta shi da lamba ɗaya daga cikin matakai 65,536. Na ce sakan da gangan: a nan Saudiyya idan ka ce daƙiƙa, rabin masu sauraronka minti za su ɗauka, don haka kalmar take a Larabci. To, waɗannan lambobi ba su ɗauke da lokaci a jikinsu. Faifai yana gaya wa na'ura tsayin kowane mataki, amma bai gaya mata lokacin da za ta taka shi ba. An dai yi alkawari cewa tsakanin awo da awo akwai tazara guda wadda ba ta canzawa, wajen kashi 22.7 cikin miliyan na sakan. Cika wannan alkawari shi ne aikin agogo.

Mutane da yawa na zaton juyawar faifai ce ke jan ragamar sauti, kamar a garmaho, inda in injin ya yi sanyi muryar mawaƙi ta yi kauri. A CD faifai bawa ne, kiristala ce uwar gijiya. Hasken leza yana karanto lambobi daga tsakiyar faifai zuwa bakinsa, ana zuba su cikin wata 'yar ma'ajiya, agogo kuma yana ɗiba ɗaya bayan ɗaya a kan ƙa'idarsa. Idan ma'ajiyar ta kusa cika sai a rage wa injin gudu, idan ta kusa ƙarewa a ƙara masa. Faifan yana juyawa wajen sau 500 a minti a farkonsa, ya sauko zuwa wajen 200 a ƙarshe, amma sautin bai san ana yi ba. Shi ya sa na'urar da aka ƙera don wutar Turai ko ta Najeriya mai bugu 50 a sakan take kiɗa daidai a kan wutar Saudiyya mai bugu 60, abin da wasu injinan garmaho na lantarki ba sa iyawa.

Ita kiristalar ɗan siririn yanki ne na dutsen kwaz, wanda in aka sa masa wuta yana motsi, in aka matsa shi yana fitar da wuta. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano wannan hali a 1880. Kaurin yankin ne ke yanke yawan rawar da zai yi, kuma na cikin na'urata bai kai kashi 15 cikin ɗari na milimita ba. An buga 11.2896 a jikin gwangwanin, ma'ana yana bugu sau 11,289,600 a sakan. Raba wannan da 256, sai ga 44,100 cif. Wasu na'urorin na aiki da 16.9344, wato ninki 384, wasu 22.5792, wasu 33.8688. Karanta abin da ke jikin taka kafin ka sayi komai. Agogo mai 16.9344 ba zai yi aiki a gurbin 11.2896 ba, komai tsadarsa.

Yanzu ga kuskuren nan iri biyu. Ka tuna mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Za su iya yin sauri ko sanyi gaba ɗayansu, a ce maimakon bugu 90 a minti suna yin 91, amma taɓarya na sauka a tazara guda, kiɗan na daɗi. Wannan shi ne kuskure na farko. Za kuma su iya cika 90 ɗin daidai, amma ɗayarsu tana riga lokacinta wani bugun, tana makara wani bugun. In ka ƙirga a ƙarshen minti ba abin da ya ɓace, sai dai duk wanda ke bayan katanga ya san akwai baƙuwa a turmin. Wannan na biyun shi masana ke kira jitta. Ni na fi son in kira shi ɗingishi, don in na ce jita a shagon Baba sai yaransa su ɗauka abin kaɗawa nake nufi.

Kuskuren farko da kashi cikin miliyan ake auna shi, kuma masu sayar da agogo suna son buga shi a jikin kwali da manyan baƙaƙe: kashi 1 cikin miliyan, wani ma rabin kashi. Mu yi lissafi. Kiristala ta kasuwa wadda ta kauce da kashi 50 cikin miliyan, in ta kaɗa faifai mai minti 74 daga farko har ƙarshe, za ta riga ko ta makara da ƙasa da rubu'in sakan. Ta fuskar kaifin murya kuwa, masana kiɗa suna raba tazarar da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu maƙwabta gida ɗari, kuma kafin ka matsa gida ɗaya tak sai agogo ya kauce da kashi wajen 580 cikin miliyan. Kashi 50 bai kai ushirin gida ɗaya ba. Babu kunnen ɗan Adam da ke kama wannan. Ƙa'idar da ke tsara aika sauti na lambobi tsakanin na'urorin gida ma ta yarda da kaucewar kashi 1,000 a matakinta na yau da kullum, 50 kuma a mataki mai tsanani. Saboda haka wanda ya biya riyal mai yawa don ya sayi "kashi 1 cikin miliyan" ya sayi abin da ba zai ji ba, kuma lambar ba ta gaya masa komai game da ɗingishi.

Ɗingishi kuwa yana taɓa sauti ne a wuri ɗaya rak: lokacin da aisin (ɗan baƙin guntun lantarki mai ƙafafu da yawa) da ke mayar da lambobi sauti yake fitar da kowane awo. Lamba daidai a lokacin da ba nata ba, tamkar lamba marar daidai ce. Gwargwadon saurin hawa da saukar sautin, gwargwadon ɓarnar. Ɗauki mafi munin hali, sauti mai bugu 20,000 a sakan, a iyakar ƙarfin da faifai ke iya ɗauka. A tsakiyar hawansa yana tsallake mataki ɗaya cikin 65,536 ɗin nan a cikin pikosakan wajen 240, pikosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan na sakan. Kenan in ana so kuskure ya tsaya ƙasa da rabin mataki, kada ɗingishi ya wuce pikosakan wajen 120. Daga wannan lissafi ne aka samo lambar da ke yawo a bakin masu sha'awar kayan sauti. Abin da ba sa faɗa shi ne, babu karatu ko kiɗan da ke ɗauke da irin wannan sauti a irin wannan ƙarfi. A sauti mai bugu 1,000, inda muryar mutum ke zagayawa, iyakar tana buɗewa ninki 20.

Kunne kuma ya fi lissafi sassauci. A 1998 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Dolby, Eric Benjamin da Benjamin Gannon, sun gwada mutane ta hanyar ƙara wa sauti ɗingishi da gangan, suka ga a kan kiɗa na gaske sai ya kai gomman nanosakan zuwa sama kafin a ji shi, nanosakan ɗaya kuwa pikosakan dubu ne. Wani gwaji da aka wallafa a Japan a 2005, da ɗingishi irin na barkatai, ya sami iyakar a ɗaruruwan nanosakan. Na'urar CD mai lafiya tana ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. Ra'ayina ke nan tun daga nan, don kada wani ya ce na yaudare shi: sauya agogo ba ya mayar da na'urar haraji ta zama wata halitta daban. Aiki ne mai koyar da hannu da kai, yana iya share wata ƙazanta da ake gani a ma'auni, a wasu tsofaffin na'urori kuma ƙazantar tana da ɗan yawa. In an yi shi da ganganci kuwa, garin neman gira a rasa ido.

Daga ina ɗingishin yake fitowa, tunda dutsen kansa ba ya ƙarya? Kiristala ita kaɗai ba ta bugu, sai an haɗa ta da abin da zai riƙa tunkuɗa ta kamar mai tura lilo. A yawancin na'urori, mai turawar wata 'yar ƙofa ce, wato ɗan makunnin wuta, a cikin babban aisi, da kwandansa (abin tara wuta) biyu ƙanana a gefe, tsarin da ake kira da sunan George Pierce wanda ya ƙirƙiro shi. Arha ne, kuma yana aiki. Matsalar ita ce wannan 'yar ƙofa tana shan wuta a kwano ɗaya da dubban ƙofofin da ke buɗewa suna rufewa a cikin aisin. A irin na'urata, kiristalar tana rataye ne a jikin SAA7220, aisin tace lambobi da ke tafiya da shahararren TDA1541, kuma duk wanda ya taɓa sa yatsa a bayansa ya san yana zafi, yana zuƙar wuta, yana kuma watsa hayaniya a layin bolt 5.

Ga yadda hayaniya ke zama ɗingishi. Bugun agogo hawa ne daga sifili zuwa bolt 5, kuma aisi yana ƙirga bugun ne a daidai lokacin da hawan ya ratsa tsakiya. Hawan ba ya faruwa nan take, yana da gangara. Idan layin wuta ya girgiza, wurin ratsawar ya matsa, lokacin ma ya matsa. A ce hawan mai kwanciya ne irin wanda kiristala ke fitarwa a ɗabi'arta: a 11.2896, hayaniyar milibolt 50 za ta gusar da bugun da pikosakan wajen 280. In kuwa hawan a tsaye yake, bolt ɗaya a kowane nanosakan, hayaniyar nan ɗaya ba ta wuce pikosakan 50 ba. Wanda ya gane wannan ya gane aikin gaba ɗaya. Ana so a fitar da mai tura lilon daga gidan hayaniya, a ba shi wutarsa mai tsabta, a miƙar da gangarar bugunsa, sannan a kai shi inda ake bukata ta gajeriyar hanya.

Hanyar haɗawa biyu ce. Mai sauƙin ita ce ka sayi agogon gwangwani mai ƙafa huɗu, wanda an riga an rufe kiristala da mai tura ta a ciki, kai kuma ka gina masa wuta. Ɗayar ita ce ka gina komai: kiristala, taranzista irin J310 a tsarin Colpitts don ta yi bugu a natse, sannan aisi mai saurin yanke hukunci irin AD8561 ko LT1016 ya mayar da kwantaccen hawan tsayayye. Akwai kuma ta tsakiya, wato ka maimaita tsarin Pierce a waje da 74HCU04, ƙofa ɗaya tana tura kiristala, wata tana miƙar da bugun, sauran ka ɗaure musu baki da layin ƙasa, wato na bolt sifili, don kada su yi ta kaɗawa a banza. Ni ta tsakiyar na bi, don kayanta ba sa wahalar samu. Ka duba harafin U ɗin nan da kyau, 74HC04 marar U ba ta dace da tura kiristala ba.

Wutar ita ce rabin aikin, har ma fiye. Kada ka ɗebo daga layin bolt 5 na na'urar, domin daga gare shi kake gudu. Ko dai ka ɗauko daga babban kwandansa kafin ragileta, wato aisin da ke daidaita ƙarfin wuta, ka sa taka ragiletar, ko ka sa ɗan taransifoma na daban. Ragileta 7805 da kowane shago ke da ita tana da hayaniyar wajen mikrobolt 40. Ragileta LM317 da rasista (abin taƙaita gudun wuta) biyu, masu om 240 da 720, tana ba da bolt 5, kuma in ka sa kwandansa mai mikrofarad 10 a ƙafarta ta saiti, tana ƙara danne kugin wuta sosai. LT3042 ta zamani hayaniyarta ba ta kai mikrobolt ɗaya ba, sai dai ƙanƙanuwa ce ƙwarai, liƙa ta da hannu sai mai ido da haƙuri. Kowacce ka zaɓa, sa ɗan rasista ko ƙwayar ferait bayanta, sannan kwandansa na yumɓu mai nanofarad 100 a manne da ƙafar aisin agogo. Manne nake nufi, ba nesa da yatsa biyu ba. A irin wannan sauri, santimita biyu na waya ba waya ba ce kawai, ta zama wani abu mai hana wuta isowa a kan lokaci. In za ka sayi taransifoma kuma, auna soket ɗin gidanka tukuna, don har yanzu akwai tsofaffin gidaje a Jidda da Makka masu layin bolt 127 a gefen na 220.

Sai tiyatar kanta. Cire filogi daga bango, kada ka dogara da maɓallin gaba, kuma kada ka leƙa idon leza in na'ura na kunne, haskensa ba a ganinsa amma yana illa. Nemo takardar bayanin aisin da kiristala ke jikinsa, ka gane wace ƙafa ce ta shiga, wace ce ta fita. Cire kiristalar da kwandansan nan biyu. Sabon bugu yana shiga ta ƙafar shiga, ƙafar fita a bar ta haka nan. Ka tabbata ƙarfin bugun ya dace da aisin: tsofaffi bolt 5 suke ci, na baya-bayan nan da yawa 3.3, in ka ɗura wa na 3.3 bolt 5 kana iya ƙona shi. A bakin fitar agogon ka sa rasista tsakanin om 33 zuwa 100 don bugun kada ya yi amsa-kuwwa a cikin waya. Wayar kuma biyu ce a murɗe da juna, ɗaya ta bugu ɗaya ta ƙasa, ta ƙasan a liƙa ta kusa da aisin da ke karɓa, a ramin da tsohon kwandansa ya bari ma ya yi. Iyakar gajartar da za ka iya. Na ga hotunan aikin mutane, fanel, wato allon da aka liƙa kayan agogon a kai, mai kyau kamar a sa a gilashi, amma an kafe shi a can kusurwar akwati an ja waya kamu guda ta bi ta kan injin juya faifai. An gudu ba a tsira ba: wayar ta zama eriya, tana kwasar hayaniya tana kuma rabawa.

Nawa kuskuren a wajen wuta ya fito. Don son tsabta na tula kwandansa babba bayan rasista mai nauyi, sai wutar agogon ta riƙa cika a hankali. Na kunna na'ura, kafin agogo ya farka sauran aisin sun riga sun tashi ba mai ba su umarni, faifai ya ɗauki gudu kamar zai tashi sama, allon gaba yana nuna shirme. Na kashe da sauri na koma Sabil.

"Baba, ina jin na ƙona ta."

Ya saurari bayanina, ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa nan take kafin kwandansan ya huce, sai ga ta tana karanta faifai lafiya. "Ba ka ƙona komai ba. Ladaninka ne ke makara, jama'a sun riga shi tashi. Rage masa wannan tulun."

Na rage, magana ta ƙare. Akasin haka ma haɗari ne: in agogo yana da taransifomansa da ke kunne kullum, zai riƙa tura bugu cikin aisin da ba shi da wuta, wannan kuwa yana iya lalata shi. A tashi tare, a kwanta tare.

Kafin ma ka jona sabon agogo a na'ura, akwai dabarar sanin ko yana bugu, wadda ta dace da mu da muka tashi da rediyon gajeren zango a kunne. 11.2896 tana nan ƙasa kaɗan da zangon mita 25, inda iyayenmu ke laluben tashoshin Hausa. In rediyonka na kaiwa wurin, kusanto da shi, ka murɗa a hankali: daidai kan lambar za ka ji shuuu ɗin ya ɗauke ɗif. Cire wa agogon wuta, shuuu ya dawo. Baba ne ya nuna mini wannan, da wani tsohon rediyo da ya girme ni.

Saiti kuma, wanda shi ne mutane suka fi ɗoki. Kowace kiristala an yanka ta ne don ta ba da lambarta in ta ga wani nauyi na kwandansa, galibi pikofarad 18 ko 20 ko 30. Kwandansa biyu masu 33 a tsarin Pierce suna haɗuwa su ba da 16.5, fanel da ƙafafu su ƙara wajen 3 zuwa 5, ka ga an kusa 20. In nauyin ya yi yawa bugun ya ragu kaɗan, in ya yi kaɗan bugun ya ƙaru. Don haka ake sa ɗan kwandansa mai murɗawa a gefe ɗaya. Sauran su zama irin C0G, waɗanda zafi ba ya canza su. Da abin roba ake murɗawa, sukudireban ƙarfe yana canza lambar tun kafin ka juya shi. Kada kuma ka ɗora bakin ma'auni a ƙafar kiristala, domin shi kansa yana da nauyin pikofarad 10 zuwa 15, zai ja lambar gefe ko ma ya tsayar da bugun. A bayan ƙofar fita ake aunawa. Ka bar na'urar a kunne da murfinta kamar rabin awa kafin ka taɓa, don abin da ka saita a sanyin kwandishan da murfi a buɗe ba shi za ka samu ba in akwatin ya ɗumama, balle a ɗakin da ba sanyi a watan Agusta na Jidda. Sannan ka tambayi kanka wa ya saita ma'aunin naka. Ma'aunin ƙirga bugu mai arha shi ma kiristala ce a cikinsa, mai yiwuwa ta fi wadda kake gyarawa kaucewa. In ba ka da abin da ke karɓar lokaci daga tauraron GPS ka gwada shi da shi, lambobin ƙarshe na allon ado ne. In ka shigo cikin kashi 50, wato bugu wajen 560 sama ko ƙasa da 11,289,600, ajiye abin murɗawa. Ni daga baya ma cire mai murɗawar na yi na sa tsayayye a gurbinsa, don iskar Jidda mai gishiri da laima ba ta raga wa irin waɗannan ƙananan ƙarafa.

Saitin da ke da amfani shi ne na ɗingishi, shi kuma ba a ganinsa a ma'aunin ƙirga, ba a kuma ganinsa a osiloskof na talaka, wato ma'aunin da ke zana siffar bugu a allo. A sautin da ke fitowa ake kama shi. Wani injiniya Baturen Ingila, Julian Dunn, ya tsara sautin gwaji a shekarun 1990: sauti mai bugu 11,025, wato rubu'in 44,100, haɗe da wani ɗan ƙaramin bugu mai wajen 229.7 a mataki mafi ƙanƙanta. Ka ƙona shi a faifai, ka kaɗa, ka shigar da fitar na'urar cikin kwamfuta ta katin sauti mai kyau, ka buɗe manhajar da ke baje sauti bisa yawan bugu. Za ka ga doguwar sanda a 11,025. Agogo mai tsabta sandarsa siririya ce. Ɗingishi na barkatai yana faɗaɗa gindinta. Ɗingishi mai tsari kuma yana fitar da 'yan sanduna biyu-biyu, dama da hagu a tazara guda, kuma tazarar tana tona asirin mai laifi. A nan Saudiyya, 60 ko 120 na nufin wutar bango ce ke kutsowa, ko ta ragileta ko ta taransifoma da ya matso kusa. Ɗan'uwa da ke Omdurman ko Kano 50 da 100 zai gani. Ka ɗauki hoton allon kafin ka taɓa na'urar, in ba haka ba ba ka da abin kwatantawa. A tawa, sanduna biyu na 120 sun fito bayan aikin fiye da kafinsa, har sai da na juya ɗan taransifoman na matsar da shi nesa da fanel, sannan suka nutse.

Abu biyu na iya sa wahalar ta tashi a banza. In kana fitar da lambobi ne daga na'urar zuwa wani akwatin mayar da sauti na waje, shi wancan akwatin yana sake gina nasa agogon daga abin da ya karɓa, don haka ingancinsa ne ke yanke hukunci fiye da naka. Na biyu, na'urar da ta shekara 30 tana shan zafin Hijaz kwandansanta masu ruwa sun bushe, domin ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. Sauya su tukuna. Sau da yawa gyaruwar da mutum ke jingina wa sabon agogo daga nan ta fito, don a rana ɗaya ya yi aikin biyu.

Da na gama, na mayar wa Baba ita da faifan karatun Alƙur'ani da wani na kiɗan garaya, ina ta zuba cewa sautin ya buɗe, muryar ta matso. Bai ce komai ba. Washegari ya samo irinta sak a wurin wani abokinsa, wadda ba a taɓa ba sai kwandansa da aka sabunta, ya jona su biyun a amfilifaya ɗaya, ya daidaita ƙarfinsu da mita, ya juya mini kujera ina kallon titi. Yana sauyawa yana tambaya, yaronsa na rubutawa a bayan kwalin shayi. Sau goma muka yi, na ci shida.

"Shida cikin goma," in ji shi, yana duba kwalin. "Ko kwabo ka jefa sama zai iya ba ka haka. Amma hoton nan na kwamfuta da ka nuna mini, shi na yarda da shi. Gobe ka zo da ita kwamfutar, mu ga me ta abokina ke yi a wajen 120 ɗin nan."